Daga Korar Tsuntsu Zuwa Kallon Tsuntsu

Mu 'yan biyu ne, kuma a gidanmu da ke wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure ba a cika kiran ɗayanmu shi kaɗai ba. In za a yi aike tare ake aikenmu, in faɗa ne tare ake yi mana. Saboda haka wannan labarin ma da baki ɗaya za mu ba da shi.

Bara a watan Mayu, muna ajin SS 2, shinkafar rani da Baba ya dasa a bakin kanal ta fitar da kai, ƙwayar ta fara ɗaukar madara. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya san abin da wannan ke nufi: lokacin janbaki ya yi. Takin da aka zuba a gonar bashi ne, kuma da shinkafar za a biya. Wani dare bayan sallar isha'i Baba ya kira mu zaure, ya ce: “'Yan biyu, daga gobe za ku ajiye makaranta na mako uku, ku tsare min shinkafa. Ba ni da kuɗin ɗaukar masu tsaro bana.”

Ba mu ce komai ba, domin ba a yi wa Baba musu. Amma zuciyarmu ta yi nauyi, don a cikin makonni ukun nan ne za a yi gwajin tsakiyar zango, kuma mun san 'yan ajinmu da suka tafi tsaron tsuntsu a shekarun baya ba su sake dawowa daidai ba. Wasu ma ba su dawo ba sam.

Da yammacin washegari muka je gidan malaminmu na Bayoloji don mu sanar da shi. Mun zaci zai ce zai zo ya roƙi Baba. Maimakon haka ya shiga ɗaki ya ɗauko sabon littafin rubutu mai shafi 40 da fensir, ya ja layi ya raba shafin farko gida huɗu. Ya ce: “Tunda za ku wuni da tsuntsaye, ku mai da gonar aji. Nan ku rubuta lokaci, nan wane tsuntsu ne, nan guda nawa, nan kuma me kuka ga yana yi. Kada ku rubuta abin da kuka ji an ce, abin da idonku ya gani kawai.”

Muna fitowa muka kwashe da dariya. A wurinmu tsuntsu iri biyu ne: wanda ake kora da wanda ake harbi da danƙo a gasa. Kallon tsuntsu kuwa mun ɗauke shi aikin Turawa da wanda ya ƙoshi. Amma littafin kyauta ne, kuma wuni a gona yana da tsawo, sai muka tafi da shi.

Ga wanda bai san yankinmu ba, ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Babban kanal ne ke ɗauko shi, ya rabu zuwa ƙananan kanal-kanal har ya iso gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Shi ya sa a tsakiyar bazara, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, namu filin yake kore shar. Abin da bai taɓa zuwa mana a rai ba shi ne, yadda wannan koren ke jawo 'yan ci-rani daga nesa, haka yake jawo tsuntsaye.

Aikin tsaro kowa ya san shi. An kafa sanduna kewaye da gona, an ja igiyoyi an rataya gwangwanaye da tsummoki da farar leda, dukkansu sun haɗu a wata rumfa da muke zama. Garke na tahowa sai a fizgi igiya, a yi ihu, a wurga hoge da majaujawa. Kwana biyun farko ba mu rubuta abin kirki ba. A gidan “wane tsuntsu” mun cika shi da “ƙaramin tsuntsu” da “wani baƙi” da “wani mai dogon wuya”. Nan muka gane cewa mun shekara 17 a cikin tsuntsaye amma waɗanda muka san sunansu ba su kai goma ba.

Iya, kakarmu, ita ta fitar da mu kunya. Da daddare muka zauna gabanta muna kwatanta mata abin da muka gani. Ta ce: “Kai, waɗannan mazajen nawa, boko ya cinye muku kai. Mai dogon wuya da ke tsayuwa a ruwa kamar an dasa shi ai zalɓe ne. Mai ihun nan baƙi da fari da ke kawo muku sura in kun matsa kusa da ƙwansa zakaran ƙeƙuwa ne. Mai jajayen fukafukai da ke rarrafe cikin ciyawa yana kuka kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ragon maza ke nan.” Muna rubutawa tana ƙara mana, har fitila ta fara dishewa.

Da muka sami sunaye sai idonmu ya buɗe. Abu na farko da littafin ya nuna mana shi ne, a cikin duk tsuntsayen da ke sauka a gonar, waɗanda muka kama dumu-dumu suna tsotse shinkafa iri biyu ne: janbaki da kabare. Balbela tana bin kunya tana tsintar fara da ƙwari. Tsattsewa ko sauka ba ta yi, a iska take cafke abincinta. Zalɓe kwaɗi da ƙananan kifaye yake jira a bakin kanal. Kurciya a ƙasa take kiwo, tana tsintar abin da ya zube. Ashe shekara da shekaru muna jifar masu taya mu aiki saboda laifin wasu. Gaskiyar masu magana, wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Abu na biyu shi ne lokaci. Malam ya koya mana yadda ake ƙiyasta garke: ka ƙirga goma, ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, ka auna shi sau goma ya zama ɗari, sai ka bi garken da ɗari-ɗari. Ba daidai yake fita ba, amma ya fi “suna da yawa”. Da muka jera lissafin kwana bakwai sai muka ga abu ɗaya yana maimaita kansa. Janbaki na fitowa ne da hudowar rana daga cikin ciyawar kacala da ta toshe wani kwari gabas da gonarmu, su yi ta kawo hari har wajen ƙarfe tara da rabi. Daga nan sai su koma inuwar itatuwan bakin ruwa su yi ta surutu. Ba sa dawowa da ƙarfi sai bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Tsakanin goma na safe da uku na yamma, shafinmu kusan fari yake. Wato awa biyar muke zaune muna tsaron rana.

A dare na takwas muka ɗauki littafin muka je zaure. Ƙafarmu na rawa, don ba mu taɓa kai wa Baba shawara ba. Muka durƙusa muka ce: “Baba, muna da magana in an ba mu dama.” Ya ce mu faɗa. Muka buɗe shafukan muna karanta masa lokutan ɗaya bayan ɗaya, sannan muka roƙa a bar mu mu riƙa fita da asuba mu tsare har bakwai da rabi, shi ya karɓe mu na awa biyu kafin ya wuce sauran ayyukansa, mu kuma mu dawo daga makaranta mu kama daga la'asar.

Baba ya daɗe yana juya littafin a hannu. Ya ce: “Wannan ai kowane manomi ya san tsuntsu ba ya kiwo da tsakar rana.” Muka yi shiru. Can ya ƙara da cewa: “Sai dai ban taɓa ganin wanda ya rubuta ba. Gobe zan zo in gani da idona.” Ya zo, ya zauna a rumfa tun safe har azahar, bai fizgi igiya ba sai sau biyu bayan ƙarfe goma. Ranar Litinin muka koma aji. Gwaji ɗaya kawai ya wuce mu.

Da a ce don makaranta kaɗai muka riƙe littafin, da nan labarin ya ƙare. Amma abin ya riga ya shiga jikinmu. A bayan ɗakin Iya akwai ɗan lambu da ta killace da kara: zogale, lalle, rama, gwanda biyu da wata darbejiya. Tana da tsohon kasko da take zuba wa kajinta ruwa. Muka fara zama can gefe bayan mun dawo daga gona, ko ranar Juma'a da hantsi, ba motsi ba magana. Minti biyar na farko ba abin da ke zuwa. Daga nan sai baiwar Allah ta sauko, namijin ja kamar an tsoma shi a garura, macen ruwan ƙasa. Sai asisi mai shuɗin ƙirji, wanda namijinsa ke da jan ɗigo a kumatu. Sai gwara, sai hasbiya ta sauka kan katanga da jan zobe a idonta. Da gwanda ta yi fure sai ga wani ɗan mitsitsi mai lanƙwasasshen baki yana zuƙar ruwan furen, Iya ta ce sha-kauci ne. Waɗannan duk a gidan da aka haife mu suke, kuma da yawansu mun taɓa harbinsu ba tare da mun dube su ba.

Wata safiya muka ga baiwar Allah tana ciyar da 'ya'yanta a gindin lalle, ɗaya daga cikinsu bai yi kama da sauran ba. Da muka kai wa Malam labari ya ce akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, sai macensa ta saka ƙwai a sheƙar baiwar Allah, ita ta ƙyanƙyashe ta rena. In ɗan ya girma namiji ne, har kukan mariƙiyarsa yake kwaikwaya. Muka gaya wa Iya, ta ce: “To ai shi ya sa ake ce mata baiwar Allah. Agola ma ba ta kora.”

Shamuwa kuwa tun ƙarshen Afrilu ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa, tana jan ƙirare tana gyara tsohuwar sheƙa. Kowa ya san zuwanta albishir ne na damina, kuma ba a harbinta. Abin da ba mu sani ba shi ne inda take tafiya in ta ɓace da kaka. Malam ya nuna mana a taswira: tana ƙetare tsakiyar Afirka ta gangara ƙasashen kudu irin su Zambiya da Zimbabuwe da Botswana, inda ake ruwa lokacin da mu muke rani. Wato damina take bi duk inda ta je, saboda fara da tsutsotsin da ruwa ke fitarwa su ne abincinta. Muka tsaya muna kallon tsuntsuwar da ta zaga ƙasashen da mu sai a darasin Jogirafi muke jin sunansu, ga ta tana tsintar fara a bayan masallacin unguwarmu. Ita ma balbela da muke rainawa, kakanninta sun ƙetare tekun Atlantika da fukafukansu, aka fara ganinsu a Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, yanzu sun bazu har Amurka ta Arewa.

Bayan ruwan farko ya sauka a farkon Yuni, wata Asabar muka hau keke ɗaya muka nufi Kogin Kano ta ɓangaren Bunkure. Wannan kogin shi ne yake haɗuwa da na Challawa su zama Kogin Hadeja, wanda ke malalawa ya shayar da dausayin Hadeja da Nguru, inda tsuntsayen ruwa daga Turai ke zuwa cin rani. Mun makara ga waɗannan baƙin, don tun Maris da Afrilu suke komawa ƙasashensu su yi ƙwai. Amma 'yan gida suna nan. Muka ɓuya bayan wata giyayya muka ga kirinjijiya jere a kan yashi da fararen fuskokinsu, in sun tashi suna fito kamar yara. Muka ga jinjimi biyu masu baƙin kai suna caccakar laka. Muka ga wani mai zanen baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska saman ruwa yana kaɗa fukafukai, sai ya faɗo kamar dutse ya fito da kifi. Sau bakwai ya faɗa, sau biyu ya samu, mun rubuta. A kan wata ƙaya da ta sunkuyo ruwa, mazan kabare sun yi rawaya fes, kowa na rataye da sheƙarsa yana karkaɗa fukafukai don mace ta zo ta duba saƙarsa. Da garken Fulani ya zo shan ruwa muka duba bayan shanun ko za mu ga carki, muka ga ɗaya tak.

Da muka karanta wa Iya jerin ranar, ta saurara har ƙarshe sannan ta ce: “Ba gauraka?” Muka ce babu. Ta ce lokacin da aka kawo ta garin nan amarya, kafin a haƙa kanal, gauraka na sauka a fadama bibbiyu suna rawa, ana jin kukansu tun daga cikin gida. Ta ce ungulu kuwa a mahautar kasuwa sai an kore su da sanda. Mu ba mu taɓa ganin gauraka ba sai a hoto, ungulu kuma tun muna firamare rabonmu da ita. Malam ya ce gauraka ta kusa ƙarewa a dajin Najeriya saboda bushewar fadamu da kama ta da ake yi ana sayar wa masu ajiye ta a gida don ado. Ungulun da muka sani kuwa, tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, babu wanda ya san ranar da ta ƙarshe ta tashi daga garinmu, don babu wanda yake rubutawa.

Kada a ɗauka mun zama abokan janbaki. Wanda bai ga garkensa ya rufe gona kamar hayaƙi ba, ba zai gane tashin hankalin manomi ba. Masana sun ce a duk tsuntsayen daji na duniya babu wanda ya kai shi yawa, ana ƙiyasta shi da kimanin biliyan ɗaya da rabi. Nauyinsa bai wuce giram 20 ba, amma yana iya cin kusan rabin nauyinsa a rana. Ku yi lissafin da kanku: miliyan ɗaya sau giram 10, tan 10 ke nan na hatsi a wuni guda. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne. A ƙarshen rani sun yi ƙaranci, da ruwan farko kuma sauran su tsiro, sai ya rasa abin ci daidai lokacin da shinkafarmu ke nuna. Mun kawo ruwa da hatsi da kacalar kwana wuri ɗaya, shi kuma ya amsa gayyata.

Inda muka sha bamban da da shi ne wajen magani. Wani maƙwabcin gonarmu ya kafa doguwar raga mai siririn zare a gefen shinkafarsa, Baba ma ya fara tambayar kuɗinta. Da sassafe muka bi ragar da littafinmu. Janbaki na ciki, gaskiya ne. Amma akwai tsattsewa uku, da asisi, da ragon maza, da irin mai kama kifin nan da muka gani a kogi, ya mutu da kansa a ƙasa. Muka kira Baba ya gani. Bai ce komai a kan tsuntsayen ba, cewa ya yi ragar ta yi tsada. Har yau ba mu san wanne ne ya hana shi saya ba, kuma ba mu tambaya ba. Haka shi ma feshin guba da ake yi da jirgin sama a makwancin janbaki ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe, kuma abin da ya ci gawar shi ma yana cikin haɗari. Abin da muka iya yi da hannunmu shi ne, muka shiga gayyar da manoman layinmu suka yi ta sare kacalar kwarin nan. Garken bai ɓace ba, amma ya koma kwana nesa.

An yanke shinkafa a tsakiyar Yuni. Gefen gabas ya sha ɓarna, Baba ya ce ya yi asarar kamar buhu biyu na shanshera. An biya bashin taki, an sami na ci. Littafinmu ya cika da iri 34, kowanne da ranarsa da wurinsa.

Daga baya Malam ya gaya mana cewa abin da muke yi da fensir aiki ne da ake yi a duk ƙasa. A kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, inda ake yin digiri na biyu a kan kare halittu. Tun 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya: an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna zagawa suna rubuta abin da suka gani a manhajar waya mai suna BirdLasser. Akwai kuma Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya, da ake yi Asabar ta biyu a watan Mayu da ta Oktoba. Mu ba mu da babbar waya, ba mu da madubin hangen nesa. Malam ya ce mu ci gaba da rubutu, ranar da waya ta samu idonmu ya riga ya ƙware.

In kuna son gwadawa, ba ku buƙatar kuɗi. Ku sami littafi da fensir, ku zaɓi wuri ɗaya, ko bakin kanal ko gindin bishiyar makaranta ko tsakar gida, ku riƙa zuwa a lokaci ɗaya. Ku zauna rana na bayanku, ku yi shiru na minti 15. Ku dubi girman tsuntsu da bakinsa da ƙafarsa kafin launinsa. Ku ajiye kaskon ruwa a inuwa, ku riƙa canza shi kullum don sauro. Kada ku taɓa sheƙa, kada ku shiga babban kanal don ruwansa na ja, kuma kada ku je kogi ba da sanin gida ba. Sunaye kuwa, ku tambayi kakanninku tun suna nan, don yawancin waɗanda muka samu a bakin Iya ba su cikin littafin Bayolojinmu.

Bana shamuwa ta sauka a tsamiyar mai unguwa kwana huɗu kafin ranar da ta zo bara. Mun sani ne don mun rubuta. Da muka gaya wa Baba, ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce mu je mu fito da irin damina a shanya.